Saye Ko Haya? Abin Dubawa Kafin Ɗakin Karatu Ya Zuba Kuɗinsa A Littafin Waya

A zaman kwamitin wani ƙaramin ɗakin karatu da nake ba wa gudummawa, an taɓa samun 'yan kuɗi daga hannun wani bawan Allah, aka zauna shawarar inda za a sa su. Wani matashi daga cikinmu, mai kishin karatu ƙwarai, ya dubi dattijon da ke shugabantar zaman ya ce, "Baba, duniya ta bar takarda. Mu zuba kuɗin nan a littattafan da ake karantawa a waya. Ba ruwanmu da gara, ba ruwanmu da ƙura, kuma babu mai arar littafi ya tafi da shi garinsu." Dattijon ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To ɗana, in mun biya kuɗin, littafin ya zama namu?" Aka kalli juna. Babu wanda ya iya ba shi gamsasshiyar amsa a ranar.

Amsar tana Amurka, domin can ne ɗakunan karatu na jama'a suka fi daɗewa suna ciniki a wannan kasuwa, can ne kuma suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A mafi yawan lokuta amsar a'a ce. Ɗakin karatu hayar littafin waya yake ɗauka, mai kayan kuma yana iya sauya sharaɗi duk ranar da ya ga dama. Sai dai hayar ma iri-iri ce, wata ta fi wata rangwame, sannan akwai hanyoyin da babu haya a cikinsu. Duk wanda aka damƙa wa amanar kuɗin ɗakin karatu ya kamata ya san bambancinsu tun kafin ya sa hannu a takarda.

Littafin takarda dai in ka saya ya zama naka. A Amurka wannan tsayayyar doka ce. Tun 1908 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa mai haƙƙin littafi ba shi da ikon ƙayyade yadda za a sake sayar da kwafin da ya riga ya bar hannunsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta rubuta hakan dalla-dalla. Wanda ya sayi kwafi yana iya ba da shi aro, ya sayar, ko ya yi kyauta da shi, ba sai ya nemi izinin kowa ba. A kan wannan ƙa'ida ɗakunan karatunsu suka tsaya. Mu ma mun san abin ko da ba mu karanta shi a kundin doka ba. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1990 zai tuna matan da ke ba da hayar littattafan Hausa a cikin gida. Ta sayi kwafi ɗaya, ta yi masa riga da tsohuwar kalanda, ta ɗinke tsakiyarsa da allura da zare, ta rubuta sunan mai ɗauka a wani tsohon littafin makaranta. Littafin ya zaga unguwa har gefensa ya yi baƙi da maiƙon hannu, kuma ba wanda ya taɓa aiko mata cewa wa'adinsa ya cika, ta sake saye.

Littafin waya bai shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida ba. Abin da ake biya lasisi ne, wato izinin amfani bisa yarjejeniya, kuma kamfanin da ya buga littafin shi ke rubuta yarjejeniyar. Ga abin da hakan ya haifar.

A farkon 2011 kamfanin HarperCollins ya sanar da cewa duk littafin wayar da ya ba ɗakin karatu, aro 26 kawai zai yi, daga nan sai a sake biya. Mako biyu-biyu sau 26 shekara guda ke nan. Ma'aikatan wani ɗakin karatu a jihar Oklahoma suka ɗebo littattafan kamfanin na takarda daga kan kanta, suka nuna wa duniya a bidiyo cewa wasunsu sun wuce aro 26 nesa ba kusa ba, kuma suna nan da ƙwarinsu. Kafin ƙurar ta lafa, a ƙarshen shekarar Penguin ya dakatar da ba ɗakunan karatu sababbin littattafansa na waya, a Fabrairun 2012 kuma ya raba gari da OverDrive, babban dillalin kasuwar. A Maris na 2012 Random House ya ƙara farashi, wasu littattafan har ninki uku. Simon & Schuster da Macmillan kuwa a lokacin ko da kuɗinka ba za su sayar maka ba, sai a 2013 suka fara gwaji kaɗan-kaɗan.

An ɗan samu shekarun sararawa, amma tsugune ba ta ƙare ba. A Oktoban 2018 Penguin Random House, wanda ya zama kamfani guda tun 2013, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na shekara biyu, yana karɓar har dala 55 a kan littafin manya. Hachette ya bi sahu a 2019. Sai Macmillan ya zo da wanda ya fi tayar da hankali: daga 1 ga Nuwamban 2019, a makonni takwas na farkon fitowar sabon littafi, kowace hukumar ɗakunan karatu kwafi ɗaya tak za a sayar mata, ko ta ƙaramin gari ce ko ta birnin da ke da miliyoyin mutane. Shugaban kamfanin na lokacin, John Sargent, ya ce aron yana cinye musu ciniki. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta tara sa hannun jama'a, wasu hukumomi irin ta gundumar King da ke jihar Washington suka ƙaurace wa littattafan wayar kamfanin. A Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame ɗakunan karatu, Macmillan ya janye. Shi kuwa Amazon, wanda shi ma yana buga littattafai, ya shafe shekaru bai ba wani ɗakin karatu nasa na waya ba, sai a 2021.

Wannan ɓangaren masu bugawa ne. Dillalan da ke tsakani su ma ba su zauna wuri ɗaya ba. OverDrive, mai manhajar Libby da galibin ɗakunan karatun Amurka ke amfani da ita, kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2015 kan dala miliyan 410, sannan a 2020 ya koma hannun KKR, wani kamfanin masu zuba jari. A 2023 KKR ɗin ya sayi Simon & Schuster ma, mai buga littafi da dillalinsa suka zama 'yan gida ɗaya. Manhajar aron littafi ta cloudLibrary ta fara a hannun kamfanin 3M, ta koma kamfanin Bibliotheca a 2015, ta sake komawa ƙungiyar OCLC a 2024. A Oktoban 2025 Baker & Taylor, kamfanin da ya kusa shekara 200 yana dillancin littattafai, mai sayar wa ɗakunan karatu na takarda da na waya, ya sanar da cewa zai rufe. A nan akwai abin lura. Rufewarsa ta jefa ɗakunan karatu cikin neman sabon mai kawo musu kaya, amma littattafan takardar da suka riga suka saya a wurinsa suna nan a kan kanta, ba wanda ya zo kwashe su. Wanda ke son ganin ɗaya fuskar sai ya tuna 2019, lokacin da Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan waya: littattafan da mutane suka biya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu, shi ke nan.

To bari mu jera hanyoyin mu auna su, mu fara da wadda ta fi yawa a yau, lasisin wa'adi.

Ka biya dala 55, ka samu kwafi ɗaya na shekara biyu, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe shi a lokaci guda, kamar na takarda. Mutane da yawa wannan ne ke ba su mamaki, domin suna zaton abin da ke waya kowa zai iya buɗewa lokaci ɗaya. A'a, layi ake bi. Shekara biyu mako 104 ne. In aron mako biyu ake bayarwa kuma littafin bai kwana ko sau ɗaya babu mai riƙe da shi ba, zai yi aro 52, kowane aro ya tashi a dala ɗaya da 'yan kai. Wannan ba laifi. Amma in littafin irin wanda ake nema jefi-jefi ne, mutum biyar kawai suka are shi, kowane aro ya tashi a dala 11, wa'adi kuma ya cika ko an karanta ko ba a karanta ba. In ana son ya zauna shekara shida, dala 165 ke nan. Shi wannan littafin, mutum ɗaya zai saye shi a wayarsa a wajen dala 13 zuwa 15, ɗakin karatu kuma zai samu na takarda mai ƙaƙƙarfan bango a ƙasa da dala 20 saboda rangwamen da dillalai ke yi masa.

Sai a duba layin. Mu ce sabon littafi ya fito, mutum 100 sun rubuta suna. Da kwafi ɗaya, na ƙarshe zai jira kusan mako 200, wato lasisin zai mutu tun layi bai zo kansa ba. In aka ɗauki kwafi goma, dala 550 ke nan a kan littafi guda, kuma na ƙarshen zai yi jiran sama da wata huɗu. Bayan shekara biyu, lokacin da yayin littafin ya wuce, duka goman su ɓace. Da na takarda ne, sai a bar biyu a kanta, a sayar da takwas da araha a sayo wasu, ko a aika da su wani ƙaramin reshe.

Babbar illar wannan hanya a wurina ba tsadar ba ce kaɗai. Ita ce yadda take sauya aikin ɗakin karatu. Kuɗin da ya kamata a faɗaɗa tarin littattafai da su, sai su riƙa tafiya wajen sake biyan abin da aka riga aka biya. Mai kula da saye dole ya zaɓi wanda zai sabunta, kuma wanda ake rububi shi zai zaɓa. Littafin tarihin wata ƙaramar al'umma, ko na wani marubucin da bai yi suna ba, wanda wataƙila sai bayan shekara goma wani ɗalibi zai zo nemansa, shi ne zai fara faɗuwa. Ɗakin karatu kuwa dalilin kafa shi ke nan, ya ajiye wa wancan ɗalibin abin da shagon littattafai ba zai ajiye ba.

Lasisin ƙidaya, wato irin aro 26 na HarperCollins, shi aka fi yi wa bore da ya fito, amma da aka ga na wa'adi sai ma'aikatan laburare da dama suka gane ya fi sauƙi. Dalilin a fili yake: kwana ba ya cin sa. Littafin da ake ara sau huɗu a shekara zai kai shekara shida bai ƙare ba, kuma duk abin da ka biya sai ka ci moriyarsa. Inda yake ciwo shi ne littafin da ake rububi, wanda cikin shekara guda zai cinye 26 ɗinsa. Saboda haka in an ba ka zaɓi tsakanin biyun, littafin yayi a ɗauke shi a wa'adi, littafin da ake nema a hankali a ɗauke shi a ƙidaya.

Hanya ta uku ita ce biya kan kowane aro, irin tsarin manhajar Hoopla. Ɗakin karatu ba ya biyan komai sai wani ya ari littafi, sannan a caje shi, daga ƙasa da dala ɗaya zuwa kusan dala huɗu. Babu layi, mutum dubu na iya buɗe littafi ɗaya a dare ɗaya. Ga mai karatu babu abin da ya kai wannan daɗi. Lissafinsa kuma mai sauƙi ne: in kowane aro dala 3 ne, sai an yi aro 18 kafin a kai kuɗin lasisin dala 55. Duk littafin da ba zai kai aro 18 cikin shekara biyu ba, wannan hanya ta fi masa araha.

Matsalarta ita ce, gwargwadon yadda jama'a suka so ta, gwargwadon yadda take cinye asusu, kuma ba ka san abin da za a caje ka ba sai ƙarshen wata. Shi ya sa ɗakunan karatu ke ƙayyade wa kowane mutum adadin aro a wata, wasu kuma su sa iyakar kuɗin kowace rana, wanda ya makara sai ya tarar an rufe sai gobe. A 2019 manyan hukumomin ɗakunan karatu uku na birnin New York suka daina amfani da Kanopy, manhajar fina-finai mai irin wannan tsari, suka ce kuɗin ya fi ƙarfinsu. In na New York sun gaza, ƙaramin ɗakin karatu sai ya yi wa kansa faɗa. Sannan sababbin littattafan manyan kamfanoni ba kasafai ake samun su a nan ba, kuma ba kai ke zaɓar abin da ke cikin rumbun ba, dillali ne ke zubawa. A ƙarshen shekara ka kashe kuɗi, mutane sun karanta, alhamdulillahi, amma ko shafi ɗaya ba ka ajiye ba.

Wasu ƙananan kamfanoni har yanzu suna sayar da lasisin da suke kira na dindindin. Ya fi na wa'adi, amma a karanta sharuɗɗan da kyau, domin littafin yana zaune ne a kwamfutar dillali. Jihar Kansas ta ga haka a 2011. Da OverDrive ya zo da sabuwar yarjejeniya mai ƙarin kuɗi mai tsanani, shugabar ɗakin karatun jihar, Jo Budler, ta ƙi sa hannu, ta ce za ta kwashe littattafan da jihar ta biya ta koma wani dillali. Sai da ta bi kamfanonin bugawa ɗaya bayan ɗaya da wasiƙa tana neman izini. Ta samu na da yawa daga cikinsu, amma wahalar kaɗai ta isa ta nuna maka iyakar wannan dindindin ɗin.

Sayen mallaka na gaskiya, inda za a ba ka fayil ɗin littafin ka ajiye a kwamfutarka, akwai shi, ko da yake ƙofarsa ƙarama ce. Ɗakunan karatun gundumar Douglas a jihar Colorado, ƙarƙashin Jamie LaRue, sun fara wannan a wajen 2011: suka kafa tasu kwamfutar ajiya, suka riƙa sayen fayil kai tsaye daga ƙananan masu bugawa da marubuta masu buga nasu, suna ba da aro mutum ɗaya a lokaci guda. Manyan kamfanoni ba su shiga ba. Daga baya aka samu manhajar Palace, wadda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suka kafa a 2021 don ɗakunan karatu su samu tasu kasuwar, kuma bayan haka aka ƙulla yarjejeniya da Independent Publishers Group, dillalin ƙananan masu bugawa, wadda ta ba da damar sayen dubban littattafai sayen mallaka. Wannan hanya tana buƙatar wanda ya san kwamfuta, da wuta, da ajiye kwafi na biyu a wani wuri saboda tsaro. Kuma ba za ka samu littafin da kowa ke magana a kansa ba. Duk da haka ni ita na fi so a cikin hanyoyin waya, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wata dabara da ta yi kama da mafita ta riga ta toshe a Amurka. Internet Archive, wata cibiya a San Francisco, takan samu littafin takarda, ta ɗauki hoton shafukansa, ta kulle na takardar, ta ba da aron hoton ga mutum ɗaya a lokaci guda. A Maris na 2020, da annoba ta rufe makarantu, ta cire wannan iyaka na 'yan watanni. Kamfanoni huɗu, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, suka maka ta a kotu a Yuni. Alƙali John Koeltl ya ba kamfanonin gaskiya a Maris na 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Satumban 2024, kuma hukuncin ya haɗa har da aron mutum ɗaya-ɗayan. Fiye da littattafai 500,000 suka fita daga jerin aron cibiyar. Ta fuskar majalisa ma an gwada. Jihar Maryland ta yi doka a 2021 da ta tilasta wa masu bugawa su ba ɗakunan karatu lasisi bisa sharuɗɗan da hankali zai ɗauka, kotun tarayya ta dakatar da ita a Fabrairun 2022, gwamnar New York Kathy Hochul kuma ta ƙi sa hannu a kan makamanciyarta. Kada wanda ke tsara kasafin bana ya jira doka ta cece shi.

Adalci ne a faɗi hujjar masu bugawa, kuma mu Hausawa mun fi kowa ganin ta. Fayil ba ya tsufa, ba ya yagewa, kuma mai aro ba sai ya tashi daga kan gadonsa ba. Suna tsoron in aro ya yi sauƙi haka, babu mai saye. Duk wanda ya ga yadda littafin marubuciyar Hausa ke yawo a zaurukan WhatsApp kwana ɗaya bayan ta sake shi, ba tare da ko sisi ya shiga hannunta ba, ba zai raina wannan tsoro ba. Marubuci sai ya ci abinci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa ɗakin karatu laifin ɓarayi, alhali shi ne mai biya ninki uku ko huɗu, mai kulle fayil, mai sa mutane a layi.

Haka kuma kada tsoron kasuwar ya rufe mana ido daga amfanin littafin waya. A 2021 aron da aka yi ta OverDrive ya haura miliyan 500, kuma mutanen nan ba don wasa suke ara ba. Tsohon da idonsa ya yi rauni yana ƙara girman haruffa. Makaho yana sa wayar ta karanta masa. Mai aikin dare yana ara da ƙarfe biyu na dare, littafin kuma ya mayar da kansa ranar da wa'adi ya cika, babu tara. A wajenmu sai a ƙara da matar da ba ta cika fita ba, da ɗan ƙauyen da ɗakin karatu mafi kusa da shi tafiyar yini ce. Matashin kwamitinmu yana da gaskiya a kan wannan duka.

Inda zancen ya shafe mu kai tsaye wuri biyu ne. Na farko kuɗin waje. Lasisin ƙasashen waje da dala ake biya, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗakin karatun da ya ɗora tarinsa a kan abin da sai an sabunta da dala, ranar sabuntawa zai tarar kuɗinsa kashi ɗaya cikin uku kawai za su iya riƙewa. Na biyu, dandalinmu na gida ma suna rufewa. OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Tarin ƙagaggun labaran Hausa na wannan zamani a waya kawai suke, ba a taɓa buga su a takarda ba. In babu ɗakin karatun da ya sayi fayil ɗinsu daga hannun marubutan da izininsu ya adana, jikokinmu za su samu littattafan da aka buga a Zariya shekara sittin da suka wuce, su rasa na shekarar da ta gabata. Wannan yana damuna fiye da duk rigimar Amurka. Kuma a nan muna da sauƙin da su ba su da shi: marubucin yana kusa, ana iya zama da shi a yi ciniki, a rubuta cewa ɗakin karatu ya sayi kwafi kaza, zai ba da aro ga masu rajista kawai, ba zai yaɗa ba.

Akwai kuma abin da yake kyauta da halaccinsa. Project Gutenberg, wanda aka fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, galibinsu na Turanci. OpenStax na Jami'ar Rice yana ba da littattafan kimiyya da lissafi na matakin jami'a kyauta. African Storybook yana da labaran yara da Hausa, ana iya saukewa a buga. Manhajar Kiwix tana ba da damar ajiye Wikipedia a kwamfuta a karanta babu intanet. Waɗannan ba za su maye gurbin sabon littafi ba, amma da zarar ka sauke su sun zauna, ko data ta ƙare ko kamfani ya rufe.

Takarda ita ma tana da nata ciwon, kuma ban ɓoye wa kwamitin ba. Gara na ci, rufi na yoyo, ana sata, tana cin wuri, mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, kuma sai an tako an zo. Amma duk waɗannan matsaloli ne da ake gani da ido, ake maganinsu da kanta ta ƙarfe da gyaran kwano da rajista mai kyau. Babu wanda zai zauna a wani ofis a wata ƙasa ya yanke shawarar da za ta kwashe kantarka cikin dare.

Shawarar da na ba su ita ce kaso mafi tsoka ya tafi takarda, musamman littattafan makaranta, na addini, na tarihi da na yara, waɗanda za a nema bana a nema baɗi. Kaso na biyu a sayi kwamfuta ɗaya mai kyau da ƙaramar sola da faifan ajiya guda biyu, a cika su da abin da yake kyauta da abin da aka saya sayen mallaka daga marubuta, ɗaya faifan ya kwana a wani gida dabam. Lasisin haya kuwa, in har za a taɓa shi, ya zama da ragowar da in ta salwanta ba za a yi kuka ba, a kan 'yan littattafan da aka tabbatar za a yi layi a kansu. Babban ɗakin karatun birni mai kasafi tsayayye zai iya ba haya kaso mafi girma, ya haɗa kai da maƙwabtansa su ɗauki lasisi tare kamar yadda ɗakunan karatun Amurka da yawa ke yi, ya kuma sa wa biya-kan-aro iyakar wata tun ranar farko.

Na kuma rubuta wa dattijon tambayoyin da zai yi wa duk dillalin da ya zo da tallan manhaja. Fayil ɗin a ina zai zauna, a kwamfutarmu ko a taku? Lasisin yana mutuwa da kwanaki ne ko da ƙidayar aro? Mutum nawa ke iya buɗe littafi ɗaya lokaci guda? Da wane kuɗi za a sabunta, kuma wa ke da ikon ƙara farashi? Sunayen masu karatu da abin da suka karanta, wa ke ganin su? In mun bar ku, ko kun rufe, ko wani ya saye ku, me za mu fita da shi a hannu? Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce duk amsar da aka ba shi sai an rubuta ta a cikin yarjejeniya kafin ya ɗauki biro.